Shamuwar Jiratawa

Zuwa ga Yaya Iro,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ina iyali? Yaya zaman Kumasi? Mu nan Maraɗi lafiya lau.

Yaya, ran Laraba na tsallake rijiya da baya. Likitan dabbobi, Baturen da nake wa tafinta, ya ara mini abin ɗaukar hotonsa mai dogon baki, wanda ke jawo nesa kusa. Ban iya aiki da shi ba tukuna. Na tafi fadamar Jiratawa, na durƙusa ina auna wata shamuwa a sheƙarta, sai manoma suka kewaye ni da sanduna. Sun zaci bindiga ce. Wani tsoho ya ce, "Tsuntsuwar da ke zo mana da damina za ka harbe?" Tsorona kada su fasa kayan Bature, in ƙare a gidan kaso.

Na ce, "Baba, sa idonka nan." Ya leƙa, sannan ya ce, "Ashe 'ya'ya biyu gare ta." Har fura suka dama mini.

Da aka wanke hoton, reshe kawai ya fito. Ban damu ba, tunda na mai da kayan mutane lafiya.

A sa mu a addu'a. Gaida maiɗakinka da yara.

Ƙanenka,
Mamman