Ba Fulogi Ba Ne, Zoben Fistin Ne

Yaya Amiru,

Na fita kafin ka dawo daga masallaci. Kada ka sake ƙoƙarin tayar da babur ɗinmu mai ƙafa huɗu, kada kuma ka sayi wani fulogi. Ba nan ciwon yake ba.

Jiya da la'asar Kalilu makanike ya zo da agogonsa na auna ƙarfin inji. Muka cire fulogi, ya ɗaura agogon a ramin, na buga sau biyar. Allura ta tsaya a sittin da biyar, alhali ya ce lafiyayyen inji yakan wuce ɗari da ashirin. Da ya zuba baƙin mai cokali ɗaya a ramin muka sake gwadawa, sai ta haura ɗari. Ya ce zoben fistin ne ya cinye.

Laifina ne, Yaya. Ranar Talata baƙin mai ya ƙare, rijiya ga ta a ƙafe, shanu suna ta kuka. Sai na zuba fetur tsura ba gauraye, na yi sawu huɗu zuwa gulbi ɗebo ruwa. Na ji injin ya yi zafi, ban tsaya ba. Ka gafarce ni.

Za ni garin Isa neman zoben. Ruwan da ya rage jarka biyu ne kawai. Kawu Ɗanmusa ya yarda ya ba mu aron jakinsa don ɗebo ruwa a gulbi, ka ɗauko shi kafin rana ta take. Ka fara shayar da jar saniyar nan mai maraƙi, tun jiya nononta ya ja baya.

In Baba ya tambaya, ka bari in gaya masa da bakina.

Ƙanenka,
Bawa