An Zaɓi Tsuntsun Hadiza

Keita, daren Laraba, ƙarshen damina

Yau furoje, wato hukumar kare halittu da nake wa aiki, ta ƙi aikina. Na daɗe ina nazarin ɗan koren tsiron nan mai kama da hanta, amma tsuntsun abokiyar aikina Hadiza aka zaɓa a kare.

Mushe Idi, shugabanmu, ya ce, “Nata dabba ne mai waƙa, duniya ta san yana ƙarewa. Naka tsiro ne marar fure, marar saiwa, ba wanda ya taɓa duba halin da yake ciki.”

Na ce, “Ai shi ya sa nake son a duba.” Ya yi dariya.

Wallahi ban ƙi tsuntsun ba. Amma gobe maginan furoje za su sa siminti su shafe tsohuwar rijiyar da tsiron yake fitowa a cikinta, kuma ni aka ce in tsaya a kansu.