Wayar Da Aka Murɗa A Gidan Fiyus

Da sunan Allah Mai rahama. Ni ne Alhaji Daudu Mai Waya na unguwar Kanti, Kazaure. Ƙafafuna sun kumbura, amma hankalina garau yake, kada wani ya ce ciwo ne ke magana. Jalaluddeen, Mu'azzam, Khairiyya, ku karanta tare, a gaban mahaifiyarku Uwa.

Na ɗaya. Gado Allah Ya riga Ya raba, a kira malamai su raba shi. Da filaya ɗaya na baro Roni, aji uku na sakandare kawai na yi, amma babu gidan da na ja wa wutar lantarki daga nan har Babura da ya taɓa kamawa da wuta. Wannan sunan shi ne abin da nake tsoron ku ɓata.

Na biyu. Ku san amfiya, don na lura kuna faɗinta a baki ne kawai. Ku je bakin dam ku dubi masu ban ruwa. Ƙarfin da ke tunkuɗo ruwa, shi ne bolt. Yawan ruwan da ke wucewa ta cikin tiyo a lokaci guda, shi ne amfiya. Tiyo in an matsa masa fashewa yake yi, waya kuwa zafi take yi a cikin bango, inda ido ba ya gani. Wayar gidan nan amfiya talatin take ɗauka, ni na ja ta. Fiyus da na sa siriri ne da gangan, don ya tsinke kafin waya ta ji jiki. Ba rowa ba ce.

Na uku. Da na dawo daga asibiti a Kano, na ji bangon ɗakin Uwa da ɗumi, alhali rana ba ta bugunsa. Na buɗe gidan fiyus, sai na tarar an cire siririyar waya an naɗa jar waya mai kauri, irin wadda ba za ta tsinke ba ko gidan ya zama toka. Na maƙala mitata ta awon amfiya a jikin waya, ta nuna arba'in da biyu. Firiza da fanka da dutsen guga ba su cin haka. Injin walda na ci. Hamma maƙwabcinmu kuwa walda yake yi, kuma tun da na kwanta ban ƙara jin janaretansa ba. Gaisuwarsa ma ta yi yawa kwanan nan. Na mayar da fiyus, bayan kwana kaɗan aka sake naɗawa. Yanzu ba na iya hawa kujera in kai ga gidan fiyus.

Na huɗu. Mitar nan mai baki kamar ƙaguwa na ba Khairiyya kyauta tun ina raye, ba ta cikin gado. Ita ce ba ta da aboki mai walda. Khairiyya, in kin ga lamba ta haura talatin, ki kashe wutar gidan gaba ɗaya, ko da baƙi a zaure.

Na biyar. Kada ku yi rigima da Hamma, maƙwabci ne. A yanke wayar da ta tsallaka katanga tana kai masa wutar gidan nan, a ci gaba da gaisawa. Jalaluddeen, ɗakinka ne ke jikin katangar nan. Ban ce ka sani ba, amma ban yarda ba ka sani ba.

Na shida. Ku biyu maza na koya wa murɗa waya. Wadda na tarar hagu aka murɗa ta, sau biyu, kuma bahago ɗaya na haifa. Mu'azzam, aikin ya yi kyau, hannuna na gani a ciki, shi ya fi yi mini ciwo. Na yafe maka, kada 'yan'uwanka su goranta maka bayan raina.

Allah Ya yi muku albarka, Ya haɗa kanku, ku riƙe Uwa a gida ɗaya. Amma Mu'azzam, kada ka jira a dawo daga maƙabarta. Ka ajiye takardar nan, ka ɗauki kujera. Bayan bangon nan mahaifiyarka take kwana.