Gonar Baba Ba Ta Shiga Ba

Kura, Lahadi

Assalamu alaikum Yaya Suhaibu,

Ina gaisuwa, ya su Baba da Iya? Ya ruwa a Bunkure?

Yaya, albishirinka! Maigidana Surajo ya koma aikin ofis! Ni da aka kawo ni gidan manomin shinkafa wata uku da suka wuce, ashe kafin ya kama noma shekara bakwai ya yi a kamfanin inshora a Kano. Yanzu sun ce ya dawo, suna neman wanda ya san gona. Na ce meye aikin? Wai shi zai duba gona ya ce a karɓa ko kar a karɓa. In an karɓa, ruwa ya cinye ta, kamfani ya biya. Ban gama ganewa ba, amma ka ga shi da igiyar wuya! Tsohon wandonsa na ofis ya ƙi hawa, sai da tela ya buɗa. Na yi guɗa har maƙwabta suka leƙo.

Ƙanwarka,
Yusra

Bunkure, Laraba

Wa'alaikumussalam amaryar ma'aikaci,

Kowa lafiya. Na karanta wa Baba, ya ce Allah ya yi albarka. Har ya sa an rubuta gonar tumatirinsa a kamfanin, ya ce tunda surukinsa ne mai dubawa, magana ta ƙare. Ki ce wa Surajo Asabar muna jiransa. Iya za ta yanka zabo.

Suhaibu

Kura, Lahadi

Salamu alaikum Yaya,

Ka karanta wannan kai kaɗai tukuna.

Jiya da ya dawo daga wajenku ko ruwa bai sha ba. Da ƙyar ya faɗa min. Wai bakin kwatar ban ruwan da ke saman gonar Baba ya zaizaye, ranar da aka saki ruwa da ƙarfi gonar ta tafi. Ba zai sa hannu ba. Na ce gonar Baba ce fa! Ya ce ya sani, shi ya sa da ya durƙusa gabansa ya kasa faɗa masa, sai "to, Baba" kawai yake ta cewa. Na yi kuka, na yi fushi, shi ko ya zauna yana ta murza hula.

Ya ce in Baba ya yarda, zai zo da buhunan ƙasa a gyara wajen, sannan ya sake dubawa. Don Allah Yaya ka lallaɓa Baba. Kar ya ce mun raina shi.

Ki gaida, au, ka gaida Iya.
Yusra

Bunkure, Talata

Yusra,

Na faɗa wa Baba, ya ƙarasa shan shayinsa. Sannan ya ce shekara uku yana kallon wajen nan, ba wanda ya iya faɗa masa.

Ya ce Asabar, da sassafe. Surajo ya zo da sheburinsa, ya bar igiyar wuyan a gida.

Suhaibu