Wokman Mai Haɗiye Muryar Mata

Kwatas ɗin Reluwe,
Kafanchan.
9 ga Yuni, 1991.

Zuwa ga matata Afiniki, Maman Serah,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kina lafiya, ke da Serah da maigidanta, da amaryata 'yar jaririya wadda aka ce ta ɗauko hancina, Allah ya taimake ta. Yaya garin Jere da ruwan sama? Ni lafiyata lau, sai kewa, sai kuma tuwon da nake tuƙawa da kaina, wanda ko kajin gidan nan sai sun yi shawara kafin su taɓa.

Wankan jego ya ƙare tun kafin Ista, ga shi cittar da kika shuka a bayan gida har ta yi ganye, ke shiru. Serah ta rubuto mini dalili. Wai kin ce ba za ki dawo ba sai na amsa laifina na ranar jana'izar Mama, mahaifiyarki, a Samaru Kataf. Wai muna zaune a benci kin roƙe ni wani abu, kin sake roƙo, na yi miki kunnen uwar shegu, kuma ba za ki maimaita wa kowa abin ba tunda ni na sani. Maman Serah, Allah ne shaidata, ba ki ce mini komai ba. Ni da nake tsayar da kwaya ta mutum arba'in saboda mutum ɗaya ya zame a layin baya, ni ne maganar matata za ta wuce ni? Baƙin ciki ne ya sa kika faɗa a zuci, kika ɗauka kin faɗa a baki. Ban riƙe ki ba, amma ba zan amsa abin da ban yi ba.

To ga labari. Kin san bayan shekarun da na yi a Loko, ma'aikatar gyaran kan jirgin ƙasa, ina dukan ƙarfe, yanzu an mai da ni sufeton tashoshi. Yau ina hanyar Jos, gobe ta Lafiya, zaman tarago ba iyaka. Shi ya sa na yanke shawarar sayen wokman, ƙaramar rikodar nan ta aljihu da ake ji da abin kunne. Kada ki ce tsufa ya zo mini da yarinta. Ba irin na roba nake nufi ba, wanda samari ke ratayawa a wuya suna tafiya kamar ƙasa na ƙona su. Na manya nake so, kuma na san abin da nake nema.

Na je shagon Ejike a bakin kasuwa, ɗan marigayi direban jirgin nan da muka yi zama da shi a kwatas. Ya fito mini da guda uku daga ƙasan kanta, waɗanda ba ya nuna wa kowa. Na farko siriri ne mai jikin ƙarfe, kaurinsa bai fi gidan kaset ba, yana juya kaset da kansa, batirinsa falle ɗaya kamar cingam, ana cajinsa. Na biyu ya fi jiki, yana da rediyo da 'yan maɓallai na ƙara gangar waƙa ko rage ta. Na uku yana ɗaukar magana, yana kuma da ramin abin kunne biyu.

Na gaya masa sharuɗɗana. Dole ya riƙe murya daram in jirgi na girgiza, don wasu da an taka mahaɗar layi sai waƙa ta riƙa rawa kamar mai zazzaɓi. Kada ya ci kaset, kada ya sha batir kamar ruwa, kuma ya rage shuuu ɗin nan da ke bin bayan waƙa. Na ce masa ba a gwada irin wannan a shago, a kan layi ake gwadawa. Ya yarda in riƙa ɗauka ɗaya-ɗaya ina tafiya da shi. Da kaset ɗin da kwayarmu ta yi a Jos zan auna su, don na san kowane numfashi da ke cikinsa, har da naki a layin mata masu muryar alto. Tunda kin hana ni muryarki a gida, zan ɗauke ta a aljihu.

Ki gai da kowa da kowa. Ki sumbaci amaryata.

Naki har kullum,
Andrawus.

Kafanchan.
30 ga Yuni, 1991.

Maman Serah,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan kuna lafiya kamar yadda nake. Yaya amaryata, ta fara dariya? Ban ga amsarki ba, amma na ga kwalbar yaji da kika ba direban motar Kwoi ya kawo mini. Na karanta ta, na gane saƙon.

Na gwada wokman ɗin duka ukun, kuma ba ko ɗaya da ya ci jarrabawa.

Mai jikin ƙarfen na ɗauka zuwa Jos. Gaskiya maƙerinsa ya iya aiki. Muna hawan dutsen Kagoro tarago na jijjiga har kwandon wata mata ya kife, amma muryar molo ko gezau ba ta yi ba. Mazanmu masu muryar bas sun fito kamar suna tsaye a kafaɗata. Sai dai matan fa? Can nesa, kamar an kulle su a ɗaki an tafi da makulli. Na tuna a Jos mai ɗaukar waƙar ya jera mata a gefe ɗaya, maza a ɗaya gefen, kowa da nasa makirfon. Na ce to, gefen matan ne ya lalace a wannan mashin. Na mayar.

Mai rediyon na ɗauka zuwa Lafiya. Na murɗa maɓallan nan sama da ƙasa har yatsana ya gaji. Batir ya sha kamar ba gobe, na koma juya kaset da biro don in rage masa aiki. Matan dai ba su fito ba. Na uku ma haka, ta kowane rami na sa abin kunnen.

A gida in na sa kaset ɗin nan a babbar rikodarmu, ina jin ki sarai. Saboda haka ba kaset ba ne. Na je na sami Ejike na faɗa masa gaskiya ba ɓoye-ɓoye, cewa an haɗa shi da jabu a Anaca, ko kuma shi yake so ya haɗa ni da su. Ya sa a kunnensa ya saurara, ya ce, “Baba, a garin nan an haife ni, ba zan cuce ka ba. Mata yana nan a ciki, yana waƙa da ƙarfi.” Na ce masa kunnen da ya saba da hayaniyar kasuwa ba zai koya wa shugaban kwaya sauraro ba. Na ɗaga murya, ban musa ba, har masu shagon kusa suka leƙo. Matarsa Immaculata tana zaune tana tsinke ganyen ugu na miya, sai kallona take yi.

Ya ce zai sauko da sabon abin kunne daga Legas, babba mai rufe kunne duka, in sake gwadawa. Na ce ya kawo. Ni ba na gaggawa, kuma ba a taɓa sayar mini da abin da kunnena bai yarda da shi ba.

Maganarmu kuma tana nan inda na bar ta. Na zauna na bi ranar jana'izar nan daki-daki. Na tuna farin ɗankwalinki, na tuna Zumuntar Mata da tulunansu suna kiɗa, na tuna ina buga lokaci da yatsa a gwiwa don sun ja waƙar da yawa. Maganarki ce kawai babu. Ki dawo gida, Afiniki. Gidan ya yi mini faɗi, kuma kwaya ta rame ta gefen alto.

Gaisuwa ga Serah da surukina.

Mijinki,
Andrawus.

Kafanchan.
21 ga Yuli, 1991.

Afiniki, matata,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku duka. Ina fata kina lafiya, da yara. Ni jikina lafiya, sai abu ɗaya da zan gaya miki yanzu. Ki nemi wuri ki zauna.

Abin kunnen Legas ya iso. Ranar Talata da hantsi na je shagon, na sa shi a kan mai jikin ƙarfen, na danna. Laushinsa kamar audugar rimi, sautinsa ba a magana, amma matan suna can inda suke. Na buɗe baki zan fara, sai Immaculata ta ajiye tiren da ke cinyarta, ta goge hannu a zani, ta ce in yi mata haƙuri. Ta cire abin daga kaina, ta juya shi, na dama ya koma hagu, na hagu ya koma dama, ta mayar mini.

Afiniki, sai ga ki. Ke ce a cikin kunnena, har ɗan numfashin nan da kike ja kafin amshi, wanda na yi shekaru ina miki faɗa a kansa. Matan duka suka fito tar. Mazan kuma, bas ɗin nan nawa da nake taƙama da su, su ne suka shiga ɗakin aka kulle. Na juya abin da hannuna, na sake juyawa. Duk wanda na aika kunnen hagu sai ya ɓace.

Immaculata ta ce tun zuwana na farko ta lura ina karkata kai in ana mini magana, kamar yadda surukinta yake yi bayan ya bar tuƙin jirgi. Ejike kuwa ya shiga goge kanta da ba ta da ƙura. Na tashi na fita ƙofar shago, na kira maƙwabtan nan da suka leƙo ranar, na gaya musu da irin muryar da na yi faɗan cewa kayan Ejike na gaske ne, kunnena ne jabu.

Na je asibiti. Likita ya buga wani ƙarfe mai ƙara ya kai mini nan da can, ya tambayi aikin da na yi. Da na ce Loko, sai ya tambaya ta wane gefe babbar gudumar inji take. Ta hagu take, tun ranar da na fara. Ya ce a hankali abin ya tafi, shi ya sa ban sani ba, na dama ne ke ɗauke da aikin biyu. Ba zai dawo ba, amma na daman garau yake in na kiyaye shi.

Daga asibiti ban tafi gida ba, coci na shiga na zauna a benci ni kaɗai. Tun ranar aurenmu ta hagu kike zama mini. A coci, a mota, a bakin murhu. A Samaru Kataf ma ta hagu kike, tulunan Zumunta suna ta dama. Kin yi magana, Afiniki. Na yarda kin yi, kin kuma sake yi. Na ce miki a zuci kika faɗa, wannan kalmar ta fi rashin jin ciwo, kuma na janye ta. Ban san abin da kika roƙa ba har yanzu, abin da ke cina ke nan. Na yi kuka a wurin, ba zan ɓoye miki ba.

Amma kada ki ɗauka mijinki ya ƙare. Kunnena ɗaya ya fi biyun Kevin mai molo, kuma ranar Alhamis na kama masu muryar tano suna zamewa kamar kullum. Na dai matsar da alto zuwa damana.

Wokman kuma na zaɓa. Mai jikin ƙarfen ya fi kyau, har yanzu ina kan bakana. Amma na ukun na ɗauka, mai rami biyu. Ejike ya samo mini wani ɗan soket da ke haɗa gefe biyu su zubo a kunne ɗaya, yanzu ina jin mata da maza tare. Ramin na biyu babu kowa a kai, ga abin kunnen Legas na ajiye a ledarsa.

Ban ce ki dawo don na yi gaskiya ba. Ki zo ki faɗa mini abin nan ta gefen da ke aiki.

Naki,
Andrawus.

Jere.
28 ga Yuli, 1991.

Baban Serah,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Muna lafiya, amaryarka ta fara zama. Na sami wasiƙarka. Serah ta ga ina dariya ina share hawaye, ta ɗauka wani abu ya same ni.

Kai da kunnenka da ka dame mu da shi! Sai da matar mutane ta juya maka kai kamar tukunya a murhu. Ka kai wa Immaculata citta daga ta bayan gida, mai kyau, ba ragowa ba.

Ni ma na yi nawa taurin kan. Wata da watanni ina cewa ka san abin da na faɗa, ban taɓa tambayar kaina ko ya isa wurinka ba. Ba wani babban abu ba ne. Lokacin da aka ɗaga akwatin Mama ne. Na ce ka riƙe mini hannu. Na ga yatsanka yana buga lokaci a gwiwa, na sake faɗa, sai na haƙura na kama benci.

Zan shigo motar Asabar, ta safe. Ka zo tasha ka tarye ni, ka bar wokman ɗin a gida. In na sauko ka tsaya ta haguna, kunnenka mai aiki ya fuskance ni. Ba sai na sake faɗa ba, ka riga ka ji.

Matarka,
Afiniki.