Mun koya wa yara gudu zuwa ƙofar da ke kulle

Anti Mairamu, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Ni malama ce a wata makarantar firamare a ƙasa da madatsar ruwan Lagdo a Kamaru, ba zan faɗi sunan garin ba. Bara ofishin magajin gari, wato meri, ya haɗa kai da makarantarmu don a koya wa yara abin yi idan ambaliya ta zo. Wani jami'insu, Mushe Gédéon, wato Malam Gédéon da Faransanci, ya zo da riguna da ƙyallen sanarwa, aka ɗora mini aikin. Na yi murna ƙwarai, domin ni 'yar bakin Binuwai ce, na san halin ruwa.

Darasin ba wuya: in ruwa ya shigo gida, a bar kaya, a ɗauki ƙane, a ruga makaranta, tunda ita ce a kan tudu. Har waƙa na yi musu. Muka yi gwaji a tsakiyar rani, ƙasa ƙayau, aka tafa, aka ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa.

Abin da bai zo wa kowa a rai ba, ruwa a nan cikin dogon hutu yake zuwa. Kuma duk hutu shugaban makaranta, Malam Tahir, yakan garƙame ƙofar katanga ya tafi Ngawundere da makullin. Ba mugunta ba ce, an sha kwashe mana bencina a yi bandar kifi da su. A watan Agusta, da rana tsaka, maza na kogi, mata na kasuwa, ruwa ya shigo. Yaran nan suka yi abin da aka koya musu daidai, suka tarar da kwaɗo. Manyan suka haura katanga. Wata ɗalibata Sharifa, da ke goye da ƙaninta, ba ta iya ba, ta juya neman uwarta, hanyar kuwa ta ratsa kwari. Washegari aka tsinci gawarwakinsu. Ni ina Garuwa wajen iyayena, a waya na ji.

Yanzu Mushe Gédéon ya dawo da sababbin riguna da darasin nan dai, ko wasali ba a canza ba. Na yi maganar makulli, ya ce wannan hurumin sufeton ilimi ne. Sufeto ya ce shirin na meri ne. Malam Tahir ya ce a ba shi umarni a rubuce, kuma a faɗi wanda zai biya benci in ya ɓace. Zuciyata na cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi. Amma in na ƙi, za a miƙa wa Madam Arlette, sabuwar malamar da aka turo daga kudu, wadda ba ta taɓa ganin daminarmu ba. Uwar Sharifa tana gaishe ni kullum, ba ta taɓa gaya mini baƙar magana ba, wannan ne ma ya fi ci mini rai. Na gaji, Anti. In koyar ko in janye?

Malama daga bakin kogi

Ƙanwata, Allah ya jiƙan yaran nan, ya ba uwarsu haƙuri, ke ma ya sanyaya miki.

Ba zan yaudare ki ba: da wuya ofisoshin nan su daidaita kafin damina. Kowannensu na da hujja. Malam Tahir ya ga benci ya zama itace, Gédéon kuma an ba shi darasi ne ya raba, ba a ba shi katanga ba. Sai dai hujja ba ta buɗe ƙofa.

Kada ki janye. In kin janye, darasin ba zai fasa ba, bakin da zai faɗe shi ne kawai zai canza. Ki karɓa, ki koyar da abin da kika tabbatar: kada a tsallake ruwa mai gudu ko iya ƙauri ne, kada a koma ɗauko kaya, kada yaro ya bi kwari neman kowa. Batun makaranta kuwa, ki ɗauki iyaye ku je wurin Malam Tahir da wata buƙata ƙarama: ya kulle azuzuwa yadda ya so, ya bar makullin ƙofar katanga kaɗai a hannun mai unguwa. Bencinsa na ciki, yara sun sami tudu. Ki sanar da Madam Arlette abin da ya faru, ko da an karɓe aikin daga hannunki.

Mai yiwuwa ya ƙi, mai yiwuwa kuma a yi miki sauyin wurin aiki don kin taɓa darasin hukuma. Ki shirya wa duka biyun. In ya ƙi, ranar ba da hutu ki tsaya gaban ajinki ki gaya musu ƙarara cewa makaranta za ta kasance a rufe, kuma babu wanda zai zo ya buɗe. Magana ce mai nauyi a kunnen yaro, amma da ita zai rayu.

Allah ya ba ki ƙarfin faɗinta, ya dawo miki da ajinki cikakke bayan damina.

Anti Mairamu