Littafin Marigayiya a Cikin Gilashi

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara da jikoki. Allah Ya ƙara masa sauƙin ciwon bayan nan. Ni dai ga ni nan, da godiya. Gwiwoyi sun ƙi, idon hagu ya yi yana, shi ya sa za ki ga rubutuna yana hawa yana gangarowa. Tela maƙwabcina ne ke leƙo ni da safe, in ya ji tari ya san ina nan.

Maganar babban ɗanki ce ta sa na ɗauki alƙalami. Watanni uku da suka wuce ya zo ya yi mini kwana biyu. Tun rasuwar matata ba wanda ya zauna ya saurare ni haka. Ya gyara mini ƙafar kujera, ya yi ta tambayar labarin da, ni kuma bakina ya buɗe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na jawo akwatin ƙarƙashin gado na nuna masa littafin da na koya wa marigayiya rubutu a ciki. Kin san ba ta yi makaranta ba. In na taso daga ofis sai mu zauna a bakin tebur, in riƙe hannunta muna jan baƙaƙe. Da hannun ya faɗa, abin da ya yi mata nauyi a baki sai ta rubuta a ciki, ta ajiye mini ƙarƙashin hulata. Ke kanki ba ki taɓa ganinsa ba. Ya ce ɗinkin ya saki, in ba shi ya kai a gyara, mako guda zai dawo da shi.

Ranar Asabar tela ya ce in shirya, ya ga abin da ya kamata in gani da idona. Ya sa ni a mota zuwa zauren da ɗanki yake aiki, inda suke baje kayan tarihi. Can kusa da taga, cikin akwatin gilashi, ga littafin a buɗe, an haska shi da fitila. Shafin da aka zaɓa shi ne wanda ta rubuta ranar da likita ya gaya mana ba za mu samu haihuwa ba, inda take roƙona in yafe mata. Shekara arba'in da ɗaya ba mu ɗaga maganar nan da baki ba, ko ni ko ita. Ga mutane sun yi layi suna ɗaukar hotonsa da waya, wata mata tana karantawa da ƙarfi don ƙawarta ta ji. A ƙasa an liƙa kati, wai iyalinta ne suka bayar. Na miƙa hannu, mai gadi ya ce, cikin ladabi kuwa, in yi haƙuri, ba a taɓawa.

Da na kira ɗanki a waya ya yi ta zuba mini Turanci, wai nuni ne don ilimi, wai karramawa ce gare ta. Ni na yi Turancin nan tun ba a yi aurenki ba. Malaminmu ya taɓa cika allo da kalmarsu ta nunawa: a nuna hanya, a nuna tausayi, a nuna haja ga mai saye. Ban tuna ya ce a nuna asirin wadda ke kwance a kabari ba.

Auta, ba na so ki yi masa baki. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Amma ni ya daina ɗaukar wayata, ke kuwa ba zai ƙi jin taki ba. Ki ce ya kawo mini littafin da hannunsa, tun ina iya karanta shi da ido ɗayan da ya rage. In kuma dokar wurin ta hana a cire har sai an tashi, to ya je da mabuɗinsa ya buɗe gilashin ya rufe littafin. Su kalli bangonsa, ya ishe su.

Ki gaishe mini da maigidanki, da Inna Ƙarama, da 'yan biyunki, da takwarana mai ƙiriniya. Shi kuwa babban naki, gaisuwarsa tana nan wurina, sai ya zo ya karɓa.

Ni ne yayanki,
wanda ba ya manta ku a addu'a.